Wayar da Ta Tsallaka Katanga

Ku da kuke cika mini benci a ƙofar shago kuna nuna mini bidiyo a waya, kuna cewa ai aikin wuta ba wani abu ba ne, ja da ja, shuɗi da shuɗi, a naɗe da salatif a karɓi kuɗi, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ni ne Iliya Mai Waya. Gemun nan da kuke gani, a kan tsani ya yi fari, kuma daga Hausare har Yelwa babu unguwar da ban huda bangonta ba a Garwa. Tun da motoci da kekunan da ba sa shan mai suka fara shigowa garin nan, tambaya ɗaya ake damuna da ita: Baba, caji a gida ya fi sauƙi ko a wurin caji na kuɗi? Kowa yana so in ba shi amsa a tsaye, yana kan babur bai ko kashe inji ba. Ni kuwa amsata doguwa ce, sai an zauna.

Aikin farko da aka yarda na taɓa waya a cikinsa, a gidan Alhaji Tanko ne a Hausare. Kafin nan na daɗe a hannun maigidana, Patoron Buba, wani Bafulatani siriri wanda magana ke yi wa tsada. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa na zaci filaya zai miƙo mini. Guduma ya ba ni da cizal, ya nuna mini bango. Na fasa bango har tafin hannuna ya yi kanta, na zaga garin nan da tsani a kafaɗa, shi yana gaba a kan keke bai ko waiwayo. Abin da ya koya mini bai yi kama da karatu ba. Idan za ka taɓa ƙarfen da kake shakka, da bayan hannu za ka taɓa, don in wuta ta kama ka ta jefar da kai, kada yatsunka su damƙe. Idan kana gaban mita, hannu ɗaya yana aiki, ɗayan yana aljihu. Sannan hanci. Ya ce duk ɗakin da ka shiga ka ji ƙarnin kifi alhali ba a dafa kifi ba, nemi soket ɗin da ke narkewa. Kayan aikina har yau ba su cika jaka ba: filaya mai hannun roba, sukundireba mai 'yar fitila a gindi, wuƙar fere waya, da abin awo mai baki irin na ƙaguwa, wanda ake maƙala wa waya ya faɗi nauyin wutar da ke bi ta cikinta. Wannan na ƙarshen da girmana na saye shi, kuma ba na ba da aronsa ko ga ɗan'uwana.

Shi Alhaji Tanko ɗan kasuwa ne, jikan fataken da suka zo daga ƙasar Kano suka zauna, yana cinikin gyaɗa da atamfa. Da muka gama sa wuta a gidansa, fitilu suka kama, sai ya kira Patoron ya nuna masa bayan katanga. Can akwai ƙaramin masallacin unguwa, da gidan direbansa Hamadu, wanda bai daɗe da kawo amaryarsa Asta ba.

Alhaji ya ce, "Malam Buba, ka tsallakar musu da waya. Ba zan zauna cikin haske maƙwabcina yana laluben ashana ba."

Haka manyan gidajen 'yan kasuwa suke yi a lokacin. Wanda ya riga samun famfo ko wuta, sai ya miƙa ta kan katanga, ba takarda, ba shaida, ba wanda zai zo ƙarshen wata ya ce kawo naka. Ni aka ɗora a kan katangar. Na ja wayar na ɗaure, Patoron ya ɗaga kai ya duba, ya ce in kwance in sake, wai ta yi ciki kamar igiyar shanya. Da na sake ta miƙe, aka kunna ƙwai ɗaya tak a tsakar gidan Hamadu. Asta ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a baki tana kallon sa, ta ce mini, "Useko," wato na gode da Fulatanci. Wannan ita ce godiya ta farko da sana'ar nan ta jawo mini.

Shekarar da ruwan dam ɗin Lagdo, wanda ke ba mu wuta, ya ja baya, ita ce shekarar da na san sana'a tana iya juya wa mutum baya. A lokacin na daɗe da buɗe shagona. Wuta ta zama rabo, unguwa ta samu yau, gobe ta kwana a duhu. Wanda ba shi da wuta ba ya kiran mai gyaran wuta. Idan kuma aka dawo da ita da ƙarfi ta ƙona talabijin ko firji, wanda ya taɓa wayar gidan a ƙarshe shi ake nema, ko da bara ya taɓa ta. An zage ni a bainar jama'a a kan laifin da ba nawa ba. Na sayar da babur ɗina, na haɗa jaka na tafi Tibati, inda masunta suke da firizojin kifi da janareto. A can na zauna ina gyaran injinan da gishiri da danshi suka ci, a can kuma na fara sanin batir da farantan sola, abin da takwarorina suke yi wa dariya suna cewa wasan yara ne. Yau su ne suke zuwa tambayata.

Da na dawo Garwa na tarar Hamadu ya rasu. Asta, wadda yanzu kowa ke kira Dada Asta, ba ta da ɗa namiji a gari, kuma ba irin matan da ke zama suna jiran a kawo musu ba ce. Ta sayar da saniyar da ta gada ta sayi tsohuwar firiza, ta fara sayar da ƙanƙara da ruwan folere, abin da 'yan Najeriya ke kira zoɓo. Alhaji Tanko ya aiko aka kira ni, na cire siririyar wayar nan na sa mai kauri wadda za ta ɗauki firiza. Bayan shi ma ya rasu, ɗansa Alhaji Nuhu ya ci gaba da biyan faktir, wato takardar kuɗin wuta, na gida da na masallaci da na Dada duk a mita ɗaya, bai taɓa cewa uffan ba. Ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka mutumin banza zan ba ku labarinsa.

Wurin caji na farko da na yi wa aiki, wani gidan mai ne a kan hanyar Ngawundere. Mai wurin ya kawo injin caji, masu haɗa injin suka zo daga kudu, amma jan wayoyi da binne su ni aka ba. Wayar da ke shiga injin nan ta kai kaurin rake. Sai da aka ja masa layi nasa na kansa, aka yi rumfa da farantan sola, aka jera batura a ɗaki mai fanka don kada zafin Garwa ya dafa su, aka ɗauki mai gadi, aka ɗauki mai karɓar kuɗi. Shi ya sa idan na ji mutum yana cewa masu wurin caji ɓarayi ne, nakan bar shi ya gama. Ba wuta kaɗai kake saya a wurin ba. Kana sayen sauri, ka sha shayi ka yi sallah ka fito motarka ta ƙoshi. Kana biyan kuɗin injin, da rumfar, da albashin mai gadin, da ribar mai wurin. Dole ta fi ta gida tsada, kuma nesa ba kusa ba.

A gida kuwa kuɗin wutar kawai za ka biya, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da masu bidiyo ba sa faɗa muku. Wani mai keken haya na lantarki a Yelwa ya kira ni wata rana, na je na tarar ƙofar ɗakinsa ta yi baƙi ƙirin. Doguwar waya ya saya a kasuwa, irin ta cajin tarho, ya jona kekensa, ragowar ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin tabarma don kada yara su yi tuntuɓe. Allah ya sa matarsa tana da hanci. Na ce masa, dutsen guga yana jan wuta da ƙarfi amma yana hutawa, firji yana ja yana hutawa, shi kuwa batirin abin hawa idan ya kafa baki ba ya ɗagowa sai ya cika. Wayar da za ta jure wannan dabam take. Kafin ka more arahar gida, sai ka sayi waya mai kauri, da dijonkta nata na kanta, wato makunnin nan da ke faɗuwa idan nauyi ya yi yawa, sai ka binne ƙarfe a ƙasa. Sannan kamfanin wuta yana da matakai, gidan da ya sha da yawa farashinsa hawa yake yi. Duk da haka, in aka yi aikin daidai, gida ya fi sauƙi. Sai dai gida ba kai kaɗai ne a cikinsa ba.

To, motar Alhaji Nuhu. Ta jirgin ƙasa ta zo Ngawundere, daga nan aka ɗoro ta a bayan babbar mota. 'Yar ƙarama ce fara, ba ta da ƙara ko kaɗan, har awakin unguwa ba sa tashi daga hanya sai ya danna hon. Ba don gayu ya saye ta ba. Kusan kullum yana hanyar Ngong wurin cinikin masara da gyaɗa, kuma tun da man zuwa-zuwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalba, ya yi tsada, mai yana neman cinye masa riba. Da farko a gidan man nan yake caji. Sai abokai suka ce masa ai wauta yake yi, ya jona a gida mana. Ya dawo daga Ngong da yamma, ya ja waya daga soket ɗin zaure ya jona. Ladan yana tsakiyar kiran magariba lasifika ta ɗauke, gidan gaba ɗaya ya mutu. Aka ɗaga dijonkta, ya sake faɗuwa. Washegari ya aiko mini, azumi saura kaɗan, garin kamar an rufe tukunya.

Na bi gidan ɗaki ɗaki da abin awona. Na maƙala a wayar fankoki, na maƙala a ta firjin cikin gida, na maƙala a ta masallaci, wadda ba ta shan komai, sannan na maƙala a wadda ta tsallaka katanga. Firizar Dada ta tsufa, kuma tsohuwar firiza ci ne da ita. Na rage ƙarfin cajin motar zuwa mafi ƙanƙanta na sake gwadawa, duk da haka layin bai ɗauka ba. Na same shi a zaure.

Na ce, "Alhaji, layin da ya shigo gidan nan tun na zamanin mahaifinka ne. Zai ɗauki gida da mota, ko gida da firizar Dada. Ba zai ɗauki ukun ba."

Ya ce, "To a raba musu lokaci mana, Baba Iliya."

Na ce, "Da wane lokacin? Da rana motarka tana Ngong, kuma da rana ne ake yawan ɗauke wuta. Daga magariba zuwa asuba take buƙata kafin ta cika. Ita ma firiza a wannan tsakanin ne take daskarar da ruwa. In ta kwana a kashe, da rana ruwan sanyi kawai za a samu, ba ƙanƙara ba. Maganin shi ne ka nemi babban layi a kamfani."

"Na tambaya. Sun ce sai an canza waya tun daga turken kan titi, kuma sai na jira. Ga kuɗin da zai ci." Ya murza hularsa a gwiwa. "Baba, kasuwa ba kamar da ba ce. Na sayi motar nan don in huta, ga shi wurin caji yana karɓe abin da na tsira da shi daga mai. Ka cire ta Dada kawai. Zan riƙa aika mata da wani abu duk wata."

Na ce bari in duba wayar ta can ɓangaren, na zagaya.

Na tarar da Dada Asta a tsakar gida tana ɗura folere a leda, firizar tana gurnani a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa, amma bakinta yana nan yadda na san shi.

Ta gaishe ni da Fulatanci ta ce, "Jam na, Iliya? Ka zo da filayar taka?"

Na ce, "Jam, Dada. Wa ya ce miki wani abu?"

"Katanga ce tsakaninmu, ba dutse ba. Na ji komai. Wutarsu ce, ubansa ya ba ni, shi in ya karɓa bai yi sata ba. Amma ka gaya masa kada ya aiko mini da komai. Tun da Hamadu ya tafi ban ci abin da ba hannuna ya nema ba, ba kuma yanzu zan fara ba." Ta ƙulle leda ta jefa a bokiti. "Azumin nan ne kasuwata. Abin da na samu a cikinsa da shi nake kaiwa damina, da shi nake sayen maganin ƙafa. In ka zo yankewa, ka faɗa mini da wuri in kwashe abin da ke ciki."

Na fito raina a ɓace. Ba Alhaji Nuhu nake jin haushi ba, don gaskiyarsa ce, mitarsa ce, kuɗinsa ne. Kuma na san idan na ƙi, kafin la'asar zai sami wanda zai hau katangar nan ya datse wayar, ya karɓi na goro ya tafi bai ko san sunan matar ba. Na koma shago na zauna ina kallon kayan da ke rataye a bango, har idona ya faɗa kan wani makunni mai dogon hannu, irin wanda muke sa wa masu janareto, ka ɗaga sama wutar gari, ka sauke ƙasa ta inji. Ba ya taɓa ba wa biyun hanya a lokaci ɗaya.

Na koma na ce wa Alhaji zan yi masa aikin caji na gida, amma yadda ake yi, ba yadda aka ga dama ba. Ya yarda, ya ba da kuɗin kaya. Na ja waya mai kauri tun daga mita har inda yake ajiye motar, a cikin bututu, ba a sarari ba. Na sa mata dijonkta nata. Na sa 'yar ƙaramar mita don ya riƙa ganin abin da motar ke ci ita kaɗai, kada ya ɗora wa fankar matansa laifi. Sai ƙarfen ƙasa, wanda shi ne ke wahalar da mu a garin nan. Cajar mota tana da wayo, in ba ta ji ƙasa mai kyau ba ba za ta buɗe ba, kuma da rani ƙasar Garwa busasshiya ce kamar ƙuli-ƙuli. Na bi gefen masallaci inda ruwan alwala ke gangarowa, wurin da ba ya bushewa rani da damina, na haƙa rami mai zurfi, na kafa ƙarfen, na zuba gawayi da gishiri na rufe. Na auna, ya yi kyau. Daga nan na ɗauko makunnin nan mai dogon hannu na kafa shi a bangon zaure, daidai ƙirjin mutum, inda duk mai shiga da fita zai gan shi. Wayar mota a sama, wayar Dada a ƙasa.

Da yamma ya dawo daga Ngong ya tsaya yana kallon sa.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Jona motarka ka gani."

Ya jona. Na kama hannun makunnin na ɗaga sama. Fitilar cajar ta koma kore, fankokin gida suna juyawa, dijonkta bai ko motsa ba. Fuskarsa ta washe. A daidai lokacin kuma gurnanin firizar da ke zuwa ta bayan katanga ya tsaya cak. Ban san ana jin sa daga zaure ba sai da ya tsaya. Na mayar da hannun ƙasa, fitilar motar ta mutu, firizar ta yi tari ta tashi.

Ya ce, "Baba Iliya, cewa na yi ka cire."

Na ce, "Alhaji, ni na ja wayar nan da hannuna, kuma filayata ba ta taɓa yanke wayar da mutum ke cin abinci da ita ba. Abin da ka nema na yi maka, motarka za ta sha wuta a gida a farashin gida. Ga hannu nan. Ranar da kake so, ka ɗaga."

"Kullum?"

"Kullum, da hannunka. Da asuba ka mayar mata."

Ya daɗe yana kallona. Na san wannan kallon, irin na mahaifinsa ne idan an yi masa tayin da bai so ba. Ya ce, "Ka mayar da ni ƙaramin yaro a gidana."

Na ce, "A'a, maigida na mayar da kai."

Ya sallame ni bai ce sannu da aiki ba. Na ɗauki jakata na fito ina ganin na rasa gidan da na fi daɗewa ina yi wa aiki, kuma wataƙila ban tsirar da komai ba, domin ɗaga hannun makunni bai fi ɗaga cokali wuya ba. Kafin a ga wata aka kira ni wani aikin sola a Tibati, na tafi, can na yi azumina gaba ɗaya. Duk lokacin da aka kawo ruwan sanyi wajen buɗa baki sai tsohuwar nan ta faɗo mini a rai. Ban kira kowa na tambaya ba. Mai gyara idan ya gama aiki ba ya leƙen gidan mutane.

Sai bayan sallah, an fara ruwa, na dawo. Ban daɗe ba aka ce Alhaji Nuhu yana nemana, fankar zaurensa tana ƙara. A hanya na wuce ta gidan man nan, na tsaya gaisawa da mai gadin, shi ne yake ce mini ai Alhajin Hausare ya zama ɗan gida, duk azumi bayan la'asar yana nan zaune a inuwa da bakinsa a bushe, yana jiran motarsa ta cika. Na ce to, wataƙila wasu ranakun ne.

Na yi sallama a zaure na shiga. Kafin in ɗaga kai in dubi fanka, idona ya tafi bango. Hannun makunnin yana ƙasa. A daidai gaɓar da yake juyawa, zanzaro ya gina gidansa na laka, ya haɗe hannun da jikin akwatin. Lakar ta bushe ta yi fari, har da 'yan ramukan da 'ya'yan suka fasa suka fita. Ko sau ɗaya aka ɗaga hannun nan da ginin ya ruguje. Na yi wa manyan gidaje aiki a garin nan, na ja wayar asibiti da ta masana'anta, amma ban taɓa jin alfahari da wani aiki kamar yadda na ji a gaban wannan makunnin da ba a yi amfani da shi ba.

Alhaji ya fito daga cikin gida ya same ni a tsaye. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na tambayi iyali. Ya bi inda nake kallo.

Ya ce, "Ranar farko ta azumi na kama hannun zan ɗaga, Baba. Mutanen unguwa suna zaune nan ana jiran shan ruwa, ƙanƙararta ce a cikin kofunansu. Na sake shi na ce sai gobe. Goben ma haka."

Na ce, "Wurin caji fa?"

"Ya ci ni, ba kaɗan ba." Ya yi 'yar dariya. "Na kai takardun babban layin. Sun ce in jira, ina jira."

Aikinmu ba ya son datti a kan kayan wuta, kuma hannuna ya saba. Na zaro sukundireba na matsa zan kankare lakar. Sai ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Bar shi, Baba. Fankar kawai za ka duba."